Ƙunshin da Na Yi wa Dil Maya

Wanda ya tarbe mu a filin jirgin Jidda wani dogon mutum ne mai haƙorin Makka. Ko gaisuwarmu bai amsa ba, ya miƙo hannu ya ce fasfo. Mu bakwai ne, duk mata, muka tattara muka ba shi kamar masu biyan kuɗin mota. Har yau ɗin nan ban sake sa fasfo ɗina a ido ba. A Funtua an ce mini shara zan yi a asibiti, da ɗakin kwana, da hutun Juma'a. Asibitin da aka kai ni wani gida ne mai hawa uku a arewacin gari, da tsohuwa mai kashi a kwance, da yara shida waɗanda ba a taɓa ce musu bari ba, da uwargida da ba ta ga dalilin riƙe sunana ba. Ni Saude, da na aurar da 'ya har na ga jika, a gidan nan "ya binti" nake, wato ke yarinya.

Wata goma sha huɗu na yi a can. Ba zan jera abin da aka yi mini ba, don duk wadda ta yi aikatau a garin nan ta san shi, wadda ba ta yi ba kuwa cewa za ta yi na ƙara gishiri. Abin da ya fitar da ni dai ƙaramin abu ne. Babbar 'yar gidan ta tofa yawu a kwanon abincina, ina kallo, uwarta na kallo, uwar ta yi dariya. Washegari da safe na ɗauki ledar shara na fita, na jefa ta a bola, na ci gaba da tafiya. A bakin wata bolar na tarar da wata tsohuwa 'yar Maraɗi tana tsintar gwangwani. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce in rufe fuska, in nemi motar unguwar Sa'alaba, in na sauka in tambayi gidan Hajja Batul.

Hajja Batul Bahaushiyar Sudan ce. Kakanninta sun baro ƙasar Hausa a ƙafa za su hajji, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida, ita kuma aure ya kawo ta Jidda. Hausarta rabi Larabci ce, in ta ce "halas" magana ta ƙare ke nan. Ita da wasu matan unguwa suna da wani abu da ba shi da suna, ba ofis, ba takarda. Su ke wanke gawar wadda ta mutu ba dangi. Su ke karɓar haihuwar wadda ke tsoron asibiti don ba ta da iƙama, wato takardar zama. Su ke ɓoye wadda ta gudo daga gidan kafili, wato ubangidan da ya ɗauko ta aiki, har ta samu inda za ta sa kanta. Ba mai biyansu. Ranar da Hajja ta ba ni katifa a ɗakin sama, sharaɗi ɗaya ta gindaya mini: duk wadda aka ɗauka, ita ma wata rana za ta ɗauki wata. Na ce na ji, don a lokacin ko jaki ta ce in goya zan ce na ji.

A Funtua ƙunshi ne sana'ata, sai na koma kanta. Na koyi irin na matan Sudan, wanda ake tsoma kan yatsu gaba ɗaya, a sa nashadir, wani farin gari da ke mayar da jan lalle baƙi ƙirin. Kafin shekara amaren unguwar Kurayyat sun san ni. Ba yabon kai ba ne, hannuna yana kama lalle, kuma ban taɓa yi wa mace ya goge kafin wata guda ba. Ina alfahari da wannan, har in na ga aikin wata sai in taɓe baki.

Ina cikin haka Malam Isiyaka ya kawo Dil Maya. Malam Isiyaka mutumin Cadi ne, yana kai burodi Madinar Masana'antu, wato unguwar kamfanonin Jidda, da wata tsohuwar motarsa, kuma shi ne ƙafar matan nan duk lokacin da ake bukatar namiji. A bayan wani sito ya same ta da hantsi, a tsugune, ba abaya, da tabon dutsen guga a damtsenta bai gama warkewa ba. 'Yar gajera ce, fara, mai ƙananan idanu. Aka taru a tsakar gida ana kallonta. Ramatu 'yar Damagaram, wadda ke sayar da gyaɗa, ita ta fara magana. Ta ce wannan ba tamu ba ce, ba Musulma ba ce, kuma farar fatar nan tata za ta jawo mana 'yan sanda har gado. Wasu suka goya mata baya. Ni ma, gaskiya ɗaya ce, na goya.

Hajja ta bari kowa ya gama. Sannan ta juyo ta dube ni.

"Ya Saude, ranar da kika zo na tambaye ki sallarki?"

Na ce a'a.

"To ga taki. Halas."

Haushi ya cika ni. Ɗakin da ni kaɗai ma in na miƙe ƙafa sai ta taɓa bango, yanzu ga ƙari. Kwana uku ban yi mata magana ba sai da hannu, in nuna mata bandaki, in ture mata kwano da ƙafa. Ita ko a jikinta, ko kuwa ta riga ta ga abin da ya fi haka. Da asuba kafin in idar da salla ta share ɗakin, ta wanke kwanukan lallena, ta jera su daga babba zuwa ƙarami. A rana ta huɗu kunya ta kama ni, na tambaye ta sunanta.

Daga nan aiki ya fara. Zaunar da baƙo a garin da bai kamata a gan shi ba, ba ƙaramin abu ba ne. Muka sa mata abaya da niƙabi, da safar hannu da ta ƙafa, don kada fatarta ta tona mana asiri. Na koya mata tafiyar Takari: a hankali, ana jan silifa, kamar ba inda za ki. Ita tafiyar mutanen dutse take yi, ƙyaf-ƙyaf da sauri, daga nesa ka san baƙuwa ce. Na koya mata in ta ga motar 'yan sanda kada ta gudu, kada ta juya, ta shiga kantin da ke kusa ta tambayi farashin albasa. Hajja ta koya mata Larabcin kasuwa. Wata ta samo mata aikin wanke-wanke a gidan biki, wata ta ba ta tabarma. Ni kuma, tunda tare muke kwana, Hausa ta fara kamawa a bakina, har da zagin. Tana kirana Yaya.

Ba duka ne alheri ba. Ba ta cin naman shanu, a addininsu haramun ne babba. Wata rana Ramatu ta zuba mata miyar shanu ta ce rago ne, ta jira sai da ta side kwano sannan ta faɗa, mata suka kwashe da dariya. Dil Maya ta tashi ta shiga bandaki, muna jin kakarinta. Ban yi dariya ba, amma ban kuma ce uffan ba, kuma wannan shirun yana cikin abubuwan da nake neman gafara a kansu. Wasu kuma kullum suna kanta da maganar musulunta, su ce ta karɓi kalma a samo mata miji ta huta. Sai ta taɓa jan tsakiyar auren da ke wuyanta ta ce tana da miji.

Labarinta sai da muka samu mai fassara muka ji shi sosai. Akwai wani Bahadur, mutumin Nepal, mai aiki a gidan burodin da Malam Isiyaka ke ɗaukar kaya. Shi ya zo ƙofar gida wata Juma'a ya zauna a kan dakali, tana faɗa yana mayarwa da Larabci. Ashe ita ba 'yar Nepal ba ce ma, harshen ne ɗaya. A Bhutan aka haife ta. Tana ƙarama aka kori mutanensu daga can, aka ce ba 'yan ƙasa ba ne, suka gangaro Nepal, nan ma aka ce ba 'yan ƙasa ba ne, aka zuba su a sansani cikin bukkokin gora. A can ta girma, a can ta yi aure, a can ta haifi 'yarta Puja da wani ƙaramin namiji. Ɗan sansani ba shi da fasfo, don haka dillalin da ya kawo ta Jidda da fasfon wata mata ya kawo ta, aka canza hoto. Na zauna ina ji, ina tuna yadda na riƙa tura mata kwano da ƙafa. Ni ko banza ina da Funtua.

Shekara biyu muka yi a ɗakin nan. Ta san inda ake sayen komai da arha fiye da ni. Tana dafa mana wake da kayan yajinsu, tana bi na gidajen amare tana riƙe mini kwano. In an samu waya ta kira sansani, takan yi kwana biyu tana murmushi, ta nuna mini da hannu tsawon da take zaton Puja ta kai yanzu.

Sai abu biyu suka zo a wata guda. Gwamnati ta yi shelar afuwa: duk wanda ba shi da takarda ya fito ya yi rajista ya koma ƙasarsu, ba ɗauri ba tara, amma da wa'adi. Sannan mijin Dil Maya ya kira. Ƙasashen Turawa suna ɗebar 'yan sansaninsu, kuma sunan gidansu ya fito. Sharaɗin shi ne duk wanda za a tafi da shi sai an gan shi ido da ido a sansani kafin ranar da aka sa. In ta iso, su tafi tare. In ba ta iso ba, a cire sunanta. Kuma in suka tafi, ba sauran wanda zai tsaya ya shaida cewa ita ce Dil Maya, tunda takardar da ke hannunta sunan wata ne a kai.

Matan Sa'alaba suka tashi tsaye, har da Ramatu, in faɗi gaskiyarta. Malam Isiyaka ya yi ta jigila da ita zuwa ofishin jakadancinsu, ana layi cikin rana daga safe har la'asar. Aka haɗa mata tikiti. A ƙarshe aka ba ta takardar tafiya, ta dangwala babban yatsa da tawada a kai. Ta dawo tana nuna mana shuɗin yatsan. Muka ce to shi ke nan, an gama dangwale, saura a je ranar Lahadi a buga mata hatimin fita. Haka muka ɗauka dukanmu. Hajja da ire-irenta ba su taɓa shiga irin wannan wuri ba, ni kuma na'urar da na ɗora wa yatsu ranar da na sauka tuni ta fita daga kaina. Ni ma na yi rajista, don na gaji, ina son in ga jikokina. Rana ɗaya aka ba mu.

Ranar Alhamis muka yi mata walimar sallama. Saura kwana tara afuwa ta ƙare. A wurinmu, mu da matan Sudan baki ɗaya, mace ba ta komawa wurin mijinta bayan doguwar tafiya da farin hannu. Abin kunya ne, ba ga ita kaɗai ba, har ga waɗanda ta fito daga hannunsu. Tun safe na kwaɓa lalle mafi kyau da nake da shi. Aka yi mata dilka, aka turara ta da hayaƙi, mata na guɗa a hankali don maƙwabta. Da na zo kan hannu ta ce ɗan fure kawai take so a tsakiyar tafi, irin nasu, a bar yatsun. Na ce ina, wannan ai na 'yan mata ne. Ta sake cewa a bar yatsun, za su dame ta wajen ɗaurin kaya. Na daka mata tsawa cikin wasa.

"Ke rufe mana baki. So kike mijinki ya ce a Jidda ba ki da kowa?"

Ta yi dariya ta miƙo hannu. Na tsoma yatsun nan goma har gaɓa ta farko, na ɗaure. Da aka kwance bai yi mini baƙi yadda nake so ba, na sake sawa, na ƙara nashadir. Da la'asar ya fito baƙi wuluk yana sheƙi a kan farar fatar nan. Wallahi ban taɓa yin aikin da ya kai shi kyau ba. Mata suka yi ta juya hannun suna yaba ni, ita ma ta yi ta kallo tana murmushi. Nawa na ce sai ana gobe jirgina zai tashi zan yi, don ya isa Funtua da ƙarfinsa. Da leda a hannu nake kwaɓi kullum, shi ya sa yatsuna fes suke.

Ranar Lahadi Malam Isiyaka ya kai mu wurin hatimi. Mutane kamar an kwance buhun gero, kowace ƙasa da nata layin, rana tana dukan kwalta. Sai bayan azahar muka shiga ɓangaren mata. Ina hango teburin sai na tuna na'urar nan ta ranar da na sauka. Wani ɗan akwati ne mai gilashi a kai, kowace mace sai ta ɗora yatsu, fitila ta yi kore, sannan a buga mata. Ni ce a gaba. Na ɗora, ta yi kore nan take, aka buga mini, aka ce in fita ƙasar kafin wa'adi. Aka aika da takardar Dil Maya teburin da ke gefe, na tsaya ina kallo. Ta cire safar hannu ta ɗora. Ja. Ma'aikaciyar ta goge gilashin, ta danna mata yatsun da ƙarfi. Ja. Ta ɗaga hannun ta duba, ta kira ta kusa da ita, suka duba tare, suka yi dariya. Ta ce na'ura ba ta ganin komai a wannan baƙin, kuma sai an gwada yatsunta da waɗanda aka ɗauka ranar da ta shigo ƙasar kafin a sake ta. Ta ce Dil Maya ta je ta wanke ta dawo. Na fara roƙo, na ce yara ne ke jiranta, na ce laifina ne. Ko kallona ba ta yi ba, ta ce yalla, ta kira ta gaba.

Da muka isa gida Hajja ta duba hannun, ta ce wannan ba abin da zai fitar da shi sai lokaci, a bar shi. Amma lokacin ne ba mu da shi, saura kwana shida. Kowace mace ta zo da maganinta. Wannan ta ce lemon tsami da gishiri. Waccan ta ce toka da ruwan zafi. Ramatu ta kawo ruwan bilic, ta rantse da shi ta taɓa fitar da na 'yarta. Duk muka gwada. Lallena ne, na san shi, ko gezau bai yi ba. Sai na ɗauko dutsen goge kaushi.

Ni na riƙe hannun, ni na goga. Kwana biyu. In jiƙa a bilic, in goga, in jiƙa, in goga. Tana zaune ta jingina da bango, ta ciji gefen mayafinta, ba ta yi kuka ba ko sau ɗaya. In na tsaya ita ke cewa Yaya ci gaba. Hajja ta hau sama sau biyu ta ce ya isa, ban ji ba. Baƙin ya fara fita, ina murna, ban lura da cewa tare da fatar yake fita ba. Zuwa safiyar Laraba kan yatsunta jajur suke, santsi, suna tsattsafo da ruwa.

Muka koma. Wata ma'aikaciyar muka tarar, ba ta ranar Lahadi ba. Dil Maya ta ɗora yatsu, ta runtse ido don zafi. Ja. Matar ta kama hannun ta juya, fuskarta ta canza. Ta ce ta san irin wannan, waɗanda suka yi laifi ne ke kankare yatsu don kada a gane su. Na ce lalle ne, ga ni, ni na yi. Ta ce in ina son a soke nawa hatimin in ƙara magana. Na yi shiru. Allah yana gani, na yi shiru. Ta rubuta wani abu da jan biro a kan takardar, ta kira wani mai kaki. Da ƙyar Malam Isiyaka ya samu ya shigo, ya yi ta haɗa su da Allah da Annabi har aka sake ta. Aka ce ta dawo in fata ta tofo, a lokacin a bincika ta. Fata ba ta tofowa a kwana uku, su ma sun sani.

A gida mata suka fara zame jiki. Waɗanda suka juya hannun suna yabo ranar Alhamis su ne yanzu ke cewa ai dama Saude ta cika son a sani, wa ya aike ta sawa sau biyu. Ramatu ta ce ita tun farko ta faɗa ɗaukar wannan matar ba alheri. Na zage ta tas a tsakar gida, har na ɗaga mata muciya, amma zagin bai rage mini komai ba. Hajja ce kaɗai ta zauna ta shafa wa yatsun zuma, ta naɗe kowanne da ƙyalle. Dil Maya ba ta iya riƙe cokali, ba ta iya ɗaura zani. Ni ke ba ta abinci a baki, ba ta kallona, ni ma ba na iya kallonta.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Bahadur ya zo da waya. Mijinta ya kira shi sau uku. Ya riga ya sa hannu a takardar cewa za su tafi ba ita, don akwai tsohuwar uwarsa da ƙaramin yaron, ba zai hana su wannan damar ba. Amma Puja ta ƙi. Shekararta goma sha biyu, ta isa a tambaye ta, kuma ta gaya wa masu tantancewa a fuskarsu cewa ba inda za ta sai uwarta ta dawo. Ta daina cin abinci, ta gudu bukkar gwaggonta. An ce musu in yarinyar ta sake cewa a'a, za a ajiye takardun gidan gaba ɗaya a ɗauki wasu.

Dil Maya ta gama saurarensa. Sannan ta ce a kira. Muna soron gidan, Bahadur yana tsaye a bakin ƙofa. Ba ta iya riƙe wayar, ni na kara mata a kunne. Ina jin muryar yarinyar siririya tana shigowa ta tafin hannuna. Na ɗauka kuka za a yi, sai na ji Dil Maya ta saki murya, garau, har da 'yar dariya. Tana ta magana da harshensu, ba gargada. Na ce a raina lallashi take, ko ta ce mata tana hanya. Ina gyaɗa mata kai, ina murmushi, ina shafa bayanta da ɗaya hannun don ta ƙara ƙarfin hali. Can yarinyar ta fara ihu, tana maimaita kalma ɗaya. Dil Maya ta ƙara faɗin wani abu a gajarce, ta kawar da kanta daga wayar. Ta tashi ta hau sama, hannayenta a ɗage a gabanta don kada su taɓa bango.

Na juya in miƙa wa Bahadur wayarsa, na ga idonsa jajur. Na tambaye shi me ta ce. Ya ce ba komai, maganar gida ce. Na tare ƙofa na ce ba zai fita ba sai ya faɗa. Ya faɗa da Larabcinsa na gidan burodi, yana kallon titi.

Ta ce wa yarinyar ba na'ura ba ce ta hana ta, ba ciwo ba ne. Ta ce ita ce ba ta son komawa. Ta ce ta samu wani mijin a nan mai mota da gida, ta haifi wata 'yar da ta fi ta kyau, kuma ta gaji da a riƙa kiranta ana mata kuka. Abin da ta rufe da shi shi ne kada Puja ta sake kiranta uwa.

Na hau sama. Tana zaune a kan katifa, ta ɗora bayan hannayenta a gwiwa. Na durƙusa a gabanta, ni da na girme ta da shekara goma sha wani abu, na ce ta yafe mini, ko ta zage ni, ko ta mare ni, wani abu dai. Sai ta dubi ƙyallayen da ke yatsunta.

"Yaya, ai ya yi kyau," ta ce. "Ranar farko ya yi kyau."

Ta ce in ba ta ruwa. Na riƙe mata kofin ta sha.

Hatimina yana da wa'adi, in na wuce shi ɗauri ne. Na yi tunanin zama, na gaya wa Hajja. Ta ce zamana ba zai tofo da fata ba, in tafi, akwai mai ba ta abinci a baki. Na ji daɗin wannan amsar fiye da yadda ya kamata, kuma na san haka tun a lokacin. Ranar Asabar Malam Isiyaka ya kai ni filin jirgi. Dil Maya ba ta sauko ba, ta taga ta leƙo.

Bayan wata biyu na samu Hajja a waya daga Funtua. Ta ce yatsun sun warke, amma takardar mai jan biro ba inda ake karɓarta, Dil Maya ta koma wanke-wanke a gidan biki. Na tambayi yaran. Ta ce Bahadur ya kawo labari sun tafi. Ranar da motar ta zo ɗaukarsu a sansani, Puja ce ta fara shiga, ba wanda ya ja ta.